Neman Alkunyar Jikana, Daga Wurno Zuwa Boyekai

Ana sallame sallar asuba muka bar Wurno, ni da taubashina, a kan wani babur da ya girmi da yawa daga cikin masu karanta wannan rubutu. Shi ke tuƙi, ni ina baya, hannu ɗaya dafe da hula, ɗayan dafe da aljihun da waya take. Mai shayin bakin tasha ya bi mu da kallo, tsofaffi biyu masu farin gemu a kan ƙarfe guda, ya ce, "Allah shi kai ku lahiya, Baba," da irin muryar da ake yi wa wanda ba a da tabbas a kansa.

Bari in faɗa muku abin da ya tayar da ni, kada ku ce tsoho ya fara yawon banza. An yi mini jika namiji a Boyekai, cikin ƙasar Goronyo, inda uwar ta je haihuwa gidan iyayenta. Uban jaririn ɗan farina ne, saboda haka ba za ku ji sunansa a bakina ba, ba kuwa za ku gan shi a rubutuna ba. Mutane na ce masa Injiniya, ni ma haka zan ce, ko da yake ban taɓa ganin ya gyara ko fitilar hannu ba. Tun da aka yaye shi aka kai shi Rara, cikin ƙasar Rabah, wurin yayata. Ita da mijinta Malam suka riƙe shi, suka sa shi makaranta, har ya kai matsayin da aka tura shi Japan koyon noman shinkafa. Wannan ma har yau ban gane masa ba, a ce jinin Wurno sai ya hau jirgin sama kafin ya iya shinkafa. Yana can Malam ya rasu. Bai sami jana'iza ba, bai sami zaman makoki ba, sai can baya ya dawo.

Yanzu da Allah ya ba shi ɗa, ya ce sunan Malam zai mayar, Abubakar. Kowa ya ji daɗi. To amma Yaya ba za ta kira sunan mijinta ba, yana raye ko yana ƙasa, shi ma Injiniya ba zai kira sunan wanda ya rene shi ba. Dole a nemi alkunya, sunan da za a lulluɓe na yanka da shi, kuma kun sani wannan ɗin shi ke bin yaro har furfura. Garba da aka saba yi wa masu wannan suna ba ta yiwuwa, don da ita duk Rara ta san Malam. Sai Injiniya ya ce shi daga Japan yake so a ɗauko alkunyar. Da maganar ta kai kunnen Yaya, ta aiko da amsa gajera. In aka yi haka ƙafarta ba za ta taka wurin suna ba, kuma kada a kawo mata yaron. Wanda ya san ta ya san ba ta faɗin magana sau biyu. Shi kuwa Injiniya, kunya da tsoro suka hana shi zuwa da kansa. Sai ya turo mini sunayen da muryarsa a waya, kowane da ma'anarsa, ya roƙe ni in je in lallashe ta ta zaɓi ɗaya. Suna ya rage jibi. In ban shawo kanta ba, uwa da ɗan da ta rena sun rabu ke nan, a kan jaririn da bai san ma an haife shi ba.

Haka ni da na tsaya aji huɗu na firamare na wayi gari ni ne babban masanin sunayen Japan na Wurno da kewaye. Ban nemi muƙamin ba, amma tun da ya zo na riƙe shi da mutunci.

Kafin mu kama hanya sai da muka tambayi 'yan kabu-kabu, masu haya da babur, yadda daji ya kwana. Yanzu haka tafiya take a ƙasarmu, ba ka fita sai ka ji daga bakin wanda ya fito, kuma ba ka bari yamma ta same ka a tsakanin gari da gari. Suka ce lafiya lau, muka bi ta gefen fadama. Kaka ta shigo sosai. Shinkafa ta yi ruwan ɗorawa ta sunkuyar da kai, masu korar tsuntsu suna ta kaɗa gwangwanaye. A tudu an riga an kwashe gero, dawa ce ke tsaye tana jiran ranarta, mata kuma sun duƙa cikin wake. Can gefe wasu har sun fara gyaran fangalin albasa. Man fetur muka sha a kwalba wurin ɗan bumburutu, da ya faɗi kuɗin taubashina ya yi salati kamar an yi masa rasuwa. Daga nan duk gangara sai ya kashe inji mu sulala shiru, ya ce wai don in ji daɗin karatu ne.

Karatun kuwa na yi shi. Na manna waya a kunne ina bitar sunaye da ƙarfi. Isamu, mai ƙarfin zuciya. Mamoru, mai tsare nasa. Izumi, idon ruwa da ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa. Yutaka, yalwa da wadata. Satoru, mai gane abu tun kafin a gama faɗa masa. Hayate, iskar nan da ke tasowa farat ɗaya. Sai na ƙarshe, wanda Injiniya ya sassauta murya da ya zo kansa, Minoru, wato shuka ta yi 'ya'ya ta nuna. Ya ce yawancinsu ba su ne ake yayi yanzu a can ba, a bakin tsofaffin ƙauye ya tsinto su.

Taubashina ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Wanga na iska, aje shi nan bakin hanya. In kac ce ma Yaya a sa ma jikanta iska, da muciya za ta raka mu har Rabah."

Na ce masa jahilci ne ke damunsa, amma na ajiye shi ɗin.

Rabah muka karya kumallo, koko da ƙosai a gindin wata dalbejiya. Ƙosan zamanin nan ya rame, sai ka haɗa biyu a baki kafin haƙori ya san an zo. Garin yana nan yadda na san shi, da zaurukan gidajen malamai da tsofaffin da ke zaune bakinsu suna amsa gaisuwa ba gaggawa. Na tarar da wani da muka yi kiwo tare muna yara, ya ce ina zuwa, na ce aikin ƙasa da ƙasa ne ya fito da ni. Bai tambayi ƙarin bayani ba, abin da ya ɗan ɓata mini rai, don na shirya masa amsa mai tsawo.

Hantsi ya ɗaga muka shiga Rara. Mun sami Yaya zaune kan tabarma a inuwar rumbu tana tsince wake. Na tuɓe takalmi na durƙusa yadda gwiwa ta yarda. Na haura saba'in, amma gaban matar nan har yau ji nake kamar na ɓatar da akuya.

"Na san abin da yak kawo ku," ta ce, ba ta ko ɗago ba. "Ku zamna ku ci abinci tukuna. Ban magana da mai jin yunwa."

Aka kawo tuwon gero da miyar sure, aka biyo da fura mai nono. Sai da ta ga mun wanke hannu sannan ta ture faifan wake gefe ta ce in faɗi abin da aka aiko ni. Na gyara zama, na gyara murya, na fara.

"Na farko Isamu, Yaya. Mai ƙarfin zuciya, jarumi ke nan."

"Bari shi yi haƙori tukuna, mu ga jarumtar."

"Sai Mamoru, mai tsare nasa."

"Allah ɗai ka tsarewa. Wuce."

Da na zo kan Izumi ta ɗan yi jim, don ita mai son ruwa ce, duk rijiyar da ke Rara ta san ɗanɗanonta. Sai ta ce ya yi mata kama da sunan mata. Dole na amsa cewa Injiniya ma ya ce a can maza da mata duk suna amsa shi. Ta ce to ta gode. Yutaka kuwa ko gama fassara ban yi ba ta ce muna da Wada muna da Yalwa, mi za a je ɗaukowa bayan teku. Satoru ta ce a ba ni shi, ko Allah ya sa in fara gane abu. Taubashina ya yi dariya har fura ta sarƙe shi. Da na faɗi Minoru sai ta jawo faifanta ta ci gaba da tsintar wake.

Na ɗauka an gama ke nan. Muna zaune, kaji na ta kai da kawo, sai ta fara magana, idonta a kan waken.

"Kai, sunayen ba su yi min komi ba. Mutanen ƙwarai na iya amsa su. Amma ranar da anka ɗauki Malam, ƙohwa ni ka dubi. Duk wanda yay yi sallama sai in ɗaga kai, na san ba shi na ba, kuma sai in ɗaga. To ƙasar da tar riƙe min shi rannan, ita za a ɗauko a ruhe sunan Malam da ita? Kullum na buɗe baki in kira yaro, ita zan kira?"



Ta ci gaba. "Da yad dawo yaz zo yad durƙusa nan inda kake, yac ce ya haƙuri, nic ce da godiya. Ke nan. Har yau ban san ƙaƙa labarin yas same shi ba. Shi ɗai yake? Ya ci abinci rannan? Wa yac ce mai ya haƙuri? Kai ka sani?"

Ban sani ba. Tsakanin uba da ɗan fari a wurinmu gaisuwa ce da sa albarka, ba a zama hira. Na faɗa mata haka, ta ce da ma ba ta zaci na sani ba.

A Rara muka kwana. Da safe na fito ina shirin sallama, ina tunanin yadda zan gaya wa Injiniya na kasa, sai na ganta tsaye a tsakar gida da mayafinta da ƙullin kaya.

"Ba suna za ni ba," ta ce, tun ban buɗe baki ba. "Tambaya gare ni. In yi ta in komo."

Taubashina ya ɗauke ta a babur, ni na hau kabu-kabu na bi su. Abin da na lura, da ita a baya ko sau ɗaya bai kashe inji a gangara ba. A Marnona muka bar babur wurin wani mai faci da ya sani, muka jira mota. Marnona wuri ne da kowa ke wucewa, ba mai zama, sai masu rake da gyaɗa da dafaffen ƙwai da ke rayuwa da jiran da mutane ke yi. Motar da muka samu ta ɗauki mutum ta ɗauki buhu har ba a gane inda ɗaya ya ƙare ɗaya ya fara. Aka ba Yaya gaba saboda girma, mu aka cusa mu baya tare da dammunan irin albasa, ƙamshinsu na shiga ido.

A cikin motar ne na sami masu sauraro irin waɗanda suka dace da ilimina. Taubashina ne ya tona, ya ce wa jama'a ga malamin Japananci nan a tsakaninsu. Na jera musu sunayen da ma'anoninsu a natse, murya ƙasa don kada gaba ta ji. Na ce mutanen can ma suna da Jiro, ɗa na biyu, da Saburo, ɗa na uku, kamar yadda muke da Sani da Salisu. Wani mai buhunan tafarnuwa ya ce ashe su ma suna gajiya da neman suna su koma ƙirga. Wata mata mai goyo ta ce ai gara wannan, yanzu 'yan mata daga talabijin suke kwaso wa ɗiyansu suna, ka tambayi ma'ana a ce maka daɗin faɗi gare shi. Wani dattijo mai carbi, da alama ya yi karatu, ya ce in dai sunan yanka na Musulunci ne, laƙabi mai kyakkyawar ma'ana ba laifi, ko daga ina ya fito. Sannan ya tambaye mu rabonmu da jin an kira yaro Nomau ko Shibkau ko Anaruwa. Ya ce iyayenmu sama da ƙasa suke dubawa su ga abin da Allah ke yi ranar da yaro ya zo, su sa masa. Na ce masa tsofaffin Japan ma da alama haka suke yi, ruwa da hatsi da ƙarfin hali, abin da manomi ke roƙo. Ya gyaɗa kai ya ce manomi ko ina iri ɗaya ne.

Akwai wuraren da hira ke mutuwa a mota ba tare da wani ya ce a yi shiru ba. Mun wuce irinsu. Gonaki masu kyau da ba a shuka ba bana, ciyawa ta kai ƙugu, da wata ruga da babu hayaƙi. Direba ya ƙara wuta, mai carbi ya ƙara sauri. Da rufin kwanon Goronyo ya fara ƙyalli daga nesa sai ka ji kowa ya saki numfashi, mai tafarnuwa har ya nemi in maimaita masa na wadatar nan, matarsa na da ciki.

Goronyo garin ruwa ne, kuma nan Injiniya yake aiki. Tun daga tasha ƙamshin soyayyen kifi ke tarbar baƙo, kuma na ci, ba zan ɓoye ba, ragon ruwa da yaji, ina tsaye. Garin ya cika fiye da yadda na san shi, da baƙin fuskoki na mutanen ƙauyukan da suka taso suka raɓu da dangi. Yaya ta ƙi cin komai, ta kuma ƙi a kai ta gidan Injiniya. Ta ce a kai ta inda yake. Aka ce yana gonakin da ke shan ruwan madatsa, muka bi bakin magudana da ƙafa, shinkafa dama da hagu har inda ido ya tsaya.

Da ya hango mu ya yar da abin da ke hannunsa ya taho da sauri, ya zube gabanta cikin laka da wandonsa mai tsada. Ta zauna a kan bakin siminti na magudanar. Ni da taubashina muka ja gefe kaɗan, daidai inda za a ce mun ba su wuri amma kunne na kaiwa.

"Inna, sannu da hanya. Da kin aiko, da ni na zo."

"Da ka zo ɗin. Tambaya ɗaya ta kawo ni. Ranar da Malam yar rasu, wa yaz zamna da kai?"

 Sai ya ba ta labari, ni ma ranar na fara jin sa. Ya ce a can gidan wani tsohon manomi aka sauke shi, tsohon yana zaune da matarsa su biyu, 'ya'yansu duk sun tafi birni. Lokacin girbi ne kamar yanzu. Suna cikin gona waya ta same shi da labarin rasuwar, ya zauna a ƙasa. Tsohon ya kashe injin girbi ya zo ya tsuguna kusa da shi. Da ɗan abin da suke ji na harshen juna ya tambaye shi, a ƙasarku in uba ya mutu mi ake yi. Ya ce masa shimfiɗa ake yi a zauna, maƙwabta su zo su yi gaisuwa, a yi sadakar abinci.

Tsohon bai ƙara tambaya ba. Ya koma gida ya kwashe kayan ɗakin gaba ya yi shimfiɗa, ya zaunar da shi, sannan ya bi gidajen ƙauyen ɗaya bayan ɗaya. Mutane suka riƙa zuwa, su tuɓe takalmi, su durƙusa, su sunkuyar da kai, su ɗan zauna ba magana, su tashi wani ya shigo. Matar ta turara shinkafa ta kirɓa ta a turmi ta cura, kamar dai nakiyarmu, ta bi gida gida tana rabawa, tana faɗin sunan Malam da ta sa aka koya mata. Tsohon ba Musulmi ba ne, amma in lokacin salla ya yi sai ya fita ya tsaya bakin ƙofa don kada wani ya shigo. Shinkafarsa kuwa tana tsaye a gona, hadari na haɗuwa kullum, maƙwabta na kwashe tasu, bai koma ba sai da kwanakin makoki suka cika.

"Mi yah hana ka gaya min?"

"Kunya, Inna. Ƙaƙa zan ce miki an yi min hidima can, ke kina nan kina duban ƙohwa?"

Ban san wanda ya gaya masa maganar ƙofa ba. Wataƙila ba wanda ya gaya masa.

Yaya ta sa gefen mayafi ta share fuska, wai zufa. Ta ce, "Mi sunan tsohon?"

"Minoru."

"Shina da rai?"

"Shina da rai, sai dai ya tsuhwa ƙwarai."

Ta miƙa mini hannu in tashe ta. Ta ce a nemo mata abin hawa zuwa Boyekai, tana son ta ga mai jego. Ba ta ce ta yarda ba, ba ta ce ta fasa rantsuwarta ba, mu kuma ba wanda ya yi gangancin tambaya.

Boyekai ƙauye ne na noma da dabbobi, shanu sun fi motoci yawa nesa ba kusa ba. Surukan Injiniya sun karɓe mu da nono mai kauri wanda rabona da irinsa tun ina da haƙora duka. Washegari da sassafe aka taru ƙofar gida, aka raba goro da dabino, liman ya yi addu'a, aka yanka rago, maroƙi ya ɗaga murya ya ce an samu Abubakar. Aka shafa. Injiniya na amsa barka amma idonsa na kan zaure, don har lokacin ba abin da ya fito daga cikin gida.

Wanzami ya gama aski, sai aka aiko wai Yaya na kiran uban yaro da kakansa. Muka shiga muka tsaya bakin ɗakin mai jego, mata cike da tsakar gida. Tana zaune da jaririn a cinya, kansa fes, yana ta mutsu-mutsu.

"Sunan da kaka so, na tsohon nan na ko?" ta ce wa Injiniya.

"Shi na, Inna."

"To ba ka samu ba."

 Matan tsakar gida suka juyo, ita kuwa ta ci gaba.

"Mutumin da yab bar shinkahwatai a gona hadari na bisa, yaz zamna makokin Malam, wanga ai uba na. Ubanka na. Sai ka ɗauki sunan ubanka ka riƙa kira gatsau a tsakar gida? Ka aike shi sayen ashana, in ya yi ɓanna ka zage shi? Wane irin karatu kay yi can?" Ta gyara wa jaririn zane. "Sunan ya shiga, na amshe shi, shina nan tare da na Malam. Amma shi ma sai an ruhe shi. Kai malamin Japan, mi kac ce ma'anatai?"

Na ce, "Shuka ta yi 'ya'ya ta nuna, Yaya."

"Hatsi ya ƙosa ke nan. Ga shi kau da kaka yaz zo." Ta ɗaga shi sama kaɗan ta dube shi. "Ƙosau. Sannu da zuwa, Ƙosau, angona."

Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa, sauran suka ɗauka. Injiniya ya durƙusa ya kifa kai a bakin ƙofa, kafaɗunsa na rawa, ni kuwa na shiga duban rufin ɗaki da kyau, don uba ba ya ganin irin wannan. Da hayaniya ta lafa na ji ta ce masa, ƙasa ƙasa, "In kun yi waya da tsohon, ka ce mai gaisuwatai ta iso. Ta daɗe bisa hanya, amma ta iso, kuma na amsa."

Ita a Boyekai muka bar ta, ta ce sai ta ga yadda ake yi wa mai jego wanka, don ba ta yarda da hannun matan yanzu ba. Mu muka kamo hanya da rabonmu na naman suna a leda, mota zuwa Marnona, babur zuwa gida. Kafin la'asar muna Wurno, ƙugu na ciwo, riga na warin albasa.

Sauran sunayen suna nan a kaina ba su da aiki. Wanda aka yi wa haihuwa yana iya zuwa, kyauta nake bayarwa, amma ya fara tambayar gwaggonsa.

Abin da na dawo da shi kuwa, tun a mota nake juya shi. Na tafi ina ganin rigimar ta suna ce, wane ya dace da bakinmu wane bai dace ba. Ashe mutum biyu ne kowane ke ɗauke da rabin labarin mutuwa ɗaya, shekara da shekaru, kowane yana jin nauyin ya nuna wa ɗayan nasa. Kunyar nan tamu abu ce mai kyau, da ita muke lulluɓe sunan wanda muke girmamawa, kuma ban so a wayi gari babu ita. Sai dai wani lokaci tana lulluɓewa har da abin da ya kamata a faɗa. Ban taɓa ganin Japan ba, kuma a shekaruna ba na sa rai. Amma yanzu na san akwai wani tsoho a can da ya taɓa tsayawa bakin ƙofa don ɗana ya yi salla cikin natsuwa. Jiya bayan magariba na sami kaina ina roƙa masa lafiya da shiriya, kuma da na zo wurin faɗin sunansa sai na ji bakina ya yi nauyi. Na ce dai, Allah ka san tsohon nan mai shinkafa.